Bututun Da Orval Bai Haɗa Ba

A duk kwarin Sycamore Fork babu wanda bai san Orval Estep mai walda ba, kuma babu wanda zai bugi ƙirji ya ce Orval ya yarda da shi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya fara tunanin abin da kake nema. In ka yaba aikinsa, ya san akwai wata magana a baya. Ko likita ne ya ba shi magani, sai ya kai gida ya ajiye, ya yi kwana biyu yana harare-hararen kwalbar kafin ya sha. Mutane sun saba da halinsa, suna kawo masa aiki duk da haka, don abin da Orval ya liƙe da wuta ba ya ɓallewa.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a ramin kwal, ƙura ta cinye masa huhu, likitan kamfani kuwa ya ce taba ce, alhali tsohon bai taɓa sa kara a baki ba. Shi ma Orval yana gama sakandare ya shiga ramin. Yana da ƙuruciyarsa aka yi dogon yajin aikin nan da har yau tsofaffi ke labari. Wata rana suka taru a bayan coci, su 'yan kaɗan, duk an san juna tun ana yara, suka shirya za su tare hanyar motocin kamfani. Da suka isa wurin washegari sai suka tarar da 'yan sanda na jiransu, ana kiran kowa da sunansa. Aka lakaɗa musu kulki, aka kore su daga aiki, kuma babu mahaƙar da ta sake ɗaukarsu. Har yau ba a san wanda ya sayar da su ba. Orval ya yi shekaru yana bin fuskokin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya a ransa, har da wanda ya yi masa babban aboki ranar aurensa.

Daga nan ya koyi walda, ya kafa rumfar kwano a bakin titi. Abin haushin shi ne, kwal ɗin dai shi ke ciyar da shi, domin yawancin aikinsa gyaran tifofin da ke ɗaukar kwal ne. Zuwa lokacin da furfura ta cika masa kai, kamfani ya daina haƙa rami. Nakiya ake dasawa a kan tsauni a fasa ƙoƙonsa, katafila ta ture ɓaraguzan cikin kwari, a kwashe kwal a sarari. Kullum da yamma sai jiniya ta yi kuka, ƙasa ta girgiza, kwanuka su yi ta kaɗawa a kan kanta. Rijiyar gidansu ta koma ja, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Orval ya koma sayo ruwa a jarka daga gari, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Matarsa Nelda ba irinsa ba ce ko kaɗan. Ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, kuma ita duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mutumin kirki ne sai in ya nuna akasin haka. 'Yarsu ɗaya, ta yi aure ta koma Carolina. Kaburburan iyayen Nelda da kakanninta suna can a kafaɗar tsaunin, yanzu sun faɗa cikin shingen kamfani. In za ta kai musu furanni sai ta nemi izini, a haɗa ta da mai gadi, a ɗora mata hular kwano. Duk ranar da ta je, takan dawo ta shige ɗaki, ba ta ko tambayar Orval ya ci abinci ko bai ci ba.

Wata bazara wasu baƙi suka zo, suka kama hayar wani tsohon gida a ƙarshen kwarin. Yawancinsu 'yan jami'a ne daga wasu jihohi, da 'yan dattawa kaɗan. Suka ce sun zo ne don kwal na ƙona duniya, yana birkita damina da rani, yana kashe tsaunuka. Abin da suka fara yi shi ne hawa manyan bishiyoyin da ke bakin inda ake fasa dutse, suka kafa katako can sama suka zauna, dole aka dakatar da nakiya har aka sauko da su. Tun daga nan gari ya sa musu suna 'yan hawa bishiya.

Orval ya riga ya gama lissafinsu. "Yaro ya baro gidan ubansa mai ruwan famfo, ya zo ya kwana a kan bishiya saboda ni? Wani ke biyansu," in ji shi ga Nelda, yana gutsurar burodin masara a cikin wake. "In ba masu iskar gas da ke gasa da kwal ba, to kamfanin ne da kansa ya kawo su, don in ya tashi korar ma'aikata ya samu wanda zai ɗora wa laifi."

"Kai dai kowa ɓarawo ne a wurinka," Nelda ta ce. "Ƙara wake?"

Wata ranar Talata biyu daga cikinsu suka shigo rumfarsa. Macen siririya ce mai gajeren gashi, ta ce sunanta Petra. Namijin mai gemu ne, Ansel, yana ta murmushi, yana kwaikwayon harshen mutanen kwari kamar a nan aka yanke masa cibiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa Orval ya ji bai kwanta masa ba.

Petra ta kwatanta abin da suke so: bututun ƙarfe mai kauri, wanda hannu zai shiga ta kowane baki, a liƙa ɗan guntun rodi a tsakiyarsa ta ciki.

"Na mene ne?" Orval ya tambaya.

"Na lambu ne, Baba," in ji Ansel. "Za mu tallafi tumatir."

Orval ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa, ya dube shi sama da ƙasa. "Tumatir. Tumatirin naku hannu gare shi?"

Petra ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta. "Ba na tumatir ba ne," ta ce. "Mutum zai sa hannu a ciki ya maƙale kansa da rodin, don kada a iya ɗauke shi da sauri. Ba za mu taɓa kowa ba, ba za mu fasa komai ba. Zama kawai za mu yi."

"Wa ya turo ku wurina?"

"Kowa ya ce kai ne gwani."

"Kowa yana da suna. Wane ne?"

Suka dubi juna. Orval ya nuna musu hanya da sandar waldarsa. A ganinsa tarko ne. Wani ke son ya gwada shi, a ga ko zai haɗa, gobe a ce ai mai walda yana tare da su. Ya bi motarsu da ido har ta sha kwana.

Bayan wannan ne ya fara lura da Nelda. Ta soma yawan zuwa ɗinkin barguna na matan coci, abin da da can takan ce ɓata lokaci ne da gulma. Tukunyar wake ta ƙara girma, amma abin da ke zuwa kan tebur bai ƙaru ba. In ta dawo, rigarta na ƙamshin hayaƙin itace, coci kuwa ba a hura wuta. Bai tambaye ta ba. Shi Orval ba ya tambaya in yana ganin za a yi masa ƙarya, ya fi so ya gano da kansa.

Wata rana da la'asar ya rufe rumfa ya bi ta a a-kori-kurarsa, nesa nesa. Ta wuce coci ko waiwaye ba ta yi ba. Ya tsaya a bayan wata bishiya a kan kwana, ya hango motarta a ƙofar gidan baƙin. Ga ta zaune a baranda an kewaye ta, tana ba da labari da hannuwa, ana ta dariya. Ya daɗe rabon da ya ji ta yi irin wannan dariyar a gida. Ya juya ya koma. Da ta dawo ya ce, "Yaya ɗinki?" Ta ce, "Ana yi." Kowa ya ci abincinsa.

Ranar da abin ya faru, ya tashi ya tarar ta riga ta fita, ta bar masa kofi a kan murhu. Bai daɗe da buɗe rumfa ba sai ga motar 'yan sanda. Doyle ne, ɗan ƙanen Nelda, wanda ya girma a tsakar gidansu. Ya fito yana share gumi, ya kasa haɗa ido da Orval.

"Kawu, ɗauko injin yankan ƙarfe. Wasu sun maƙale kansu a ƙofar hanyar kamfani, motoci sun tsaya cik."

"Kamfani ba shi da masu yanka?"

"Yana da su. Ni dai na fi so kai ne."

"Me ya sa?"

"Kawu, don Allah ka shigo mota."

Tun daga gada tifofi suka yi layi, direbobi na danna oda, wasu sun sauko suna zage-zage. A gefen titi an jera baƙin nan a zaune da ankwa a hannu. A hanya Doyle ya gaya masa cewa tun kafin su iso an riga an girke 'yan sanda a wurin, aka yi ta cafke su suna saukowa daga mota. Biyu kaɗai suka kuɓuce suka kai ga ƙofar, don babu wanda ya kula da tsohuwa mai jakar hannu.

Bututun an zura shi ta tsakanin sandunan ƙofar. Ta wancan gefe hannun Petra ne a ciki. Ta wannan gefe kuwa, zaune a kan kwalta, da rigar zuwa coci da takalmin lambu, Nelda ce.

Orval ya ajiye injin a ƙasa a hankali. Wani direba da ya sha gyara wa mota ya ɗaga murya: "Kai mai walda! Da hannun dama ka haɗa, da na hagu ka zo yankewa? Ashe ta ko'ina ci kake!" Aka bushe da dariya.

Ya durƙusa kusa da ita, gwiwoyinsa na ƙara. "Nelda, wace irin hauka ce wannan?"

"Ka sha kofin?"

"Saki abin nan mu tafi gida. Na san kina iya ɓalle shi daga ciki."

"Ina iyawa. Ba zan yi ba."

"Da girmanki? Gaban 'ya'yan da kika zuba wa abinci a makaranta?"

"Su ɗin ne ma nake so su gan ni," ta ce. "Wancan makon da na je wurin Inna, dutsen kabarinta ya tsage biyu, Orval. Mai gadin yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na gaji da neman izini."

Doyle ya matso. "Gwaggo, ki rufa mini asiri. Shugabana yana kallo."

"Yi aikinka, ɗan nan. Ni ma nawa nake yi."

Orval ya shafa bututun. Wanda ya haɗa shi bai san aiki ba. Ƙarfen siriri ne, wuta na taɓa shi zai ɗau zafi har ciki, kuma babu mai iya cewa ga daidai inda yatsunsu suke. Zuciyarsa ta ce ya miƙe ya tafi abinsa, a ga yadda za su ƙare. Sai ya waiwaya ya ga ma'aikacin kamfani tsaye da nasa injin, wani ƙato da ke ta cika yana batsewa saboda an ɓata masa safiya. Orval ya ce a kawo ruwa da tsummoki.

Ya jiƙa tsummokin ya cusa ta bakunan bututun, ya rufa wa matan biyu rigarsa ta fata saboda tartsatsi. Ya sa kowacce ta ƙwanƙwasa daga ciki don ya ji inda hannunta ya tsaya. Sannan ya fara yanka, kaɗan kaɗan, yana tsayawa yana kwara ruwa. Petra ta runtse ido. Nelda kuwa shi take kallo.

A wani tsayawar da ya yi, ta matso da bakinta kusa da kunnensa. "Orval, kai ne ka gaya musu?"

Ya ɗago. "Na gaya wa wa?"

"An ga motarka a kan kwana ran nan. Yau kuma mun zo mun tarar ana jiranmu. Ina so in ji daga bakinka."

Ruwan da ke hannunsa ya zube a kan takalminsa bai sani ba. Shi da aka taɓa sayarwa, shi da ya rasa aikinsa ta wannan hanyar, yau shi ake tambaya. Kuma mai tambayar ita ce wadda ta wanke masa ciwon kulki a bayansa a wancan lokacin.

"Na bi ki," ya ce. "Na ga inda kike zuwa. Ban gaya wa kowa ba."

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. "Ci gaba," ta ce. "Ya fara zafi ta wajen yarinyar."

Da bututun ya rabu, hannun Nelda ya fito da ɗan ƙuna a wuyansa, na Petra lafiya lau. Doyle da kansa ya sa wa gwaggonsa ankwa, yana ta cewa ta yi haƙuri. Aka buɗe ƙofa, tifofi suka wuce ɗaya bayan ɗaya, wasu direbobin na tofar da yawu ta taga. Kafin rana ta take tsaka aiki ya koma kamar ba a yi komai ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar kanta ɗaci. Direbobi suka haƙiƙance Orval ne ya haɗa bututun, suka kwashe aikinsu suka kai wani gari. Ya yi ta cewa, "Ku dubi waldar mana, ni zan yi wannan ƙazantar?" Babu wanda ya saurare shi. Su kuma baƙin suka haƙiƙance shi ne ɗan leƙen asirin kamfani, in sun hango shi a kanti sai su yi shiru. Wata safiya ya zo ya tarar an rubuta "maci amana" da fenti a jikin rumfarsa. Ya tsaya yana kallon rubutun, ya rasa ko wane ɓangare ne ya yi, don kowannensu na iya yi.

Shi dai Ansel ya sa wa ido. A ranar ba a kama shi ba, wai motarsa ce ta lalace a hanya. Bai yi mako ba kuma ya tattara ya bar kwarin. Da Petra ta zo duba Nelda, Orval ya tare ta a ƙofa. "Ina mai tumatir?"

"Mahaifiyarsa ce ba lafiya."

"Kin ga mahaifiyar da idonki?"

"Baba, shi ma haka yake faɗa a kanka," ta ce, ta raɓa shi ta shige.

Alƙali ya yanke wa Nelda hukuncin tsintar shara a bakin titi na tsawon kaka. Aka ba ta riga mai ruwan lemo da buhu. Orval ba shi da wani aikin kirki a rumfa, sai ya riƙa binta a mota a hankali, wai kada wata tifa ta bi ta kanta da gangan. A gida suna magana kamar da, a kan ruwa da itace da wayar 'yarsu, amma waccan tambayar tana nan a tsakaninsu, ba wanda ya sake taɓa ta.

Wata rana wani direba ya wurgo gwangwani ta taga, ya faɗi dab da ƙafarta. Orval ya fito a fusace yana ƙoƙarin gane motar. Nelda ta sunkuya ta ɗauka ta jefa a buhu.

"Bar shi," ta ce. "Ɗan maƙwabciyarmu Maxine ne, matarsa na da ciki, tsoro ke cinsa." Ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Ka san wani abu? Ana jibi za mu je tare ƙofar nan, na gaya wa matar fasto ta sa mu a addu'a. Ban ce ina ba, amma na ce da sassafe ne. Ƙanenta kuwa mai gadi ne a kamfanin. Wataƙila ma ni ce na tona mu ban sani ba."

"Yanzu kika tuna?"

"Tun ina cikin motar Doyle na tuna."

"Kika bar ni cikin zargi duk watannin nan?"

"Kai da ka laɓe a bayan bishiya kana leƙena kamar ɓarauniya? Na ce bari ka ɗanɗana." Ta miƙa masa buhun. "Riƙe min, bayana ya gaji."

Ya karɓa. Suka ci gaba da tafiya a bakin titin, tana tsinta yana riƙe, motar na can a baya da ƙofa a buɗe.

Baƙin sun ƙara yin shekara biyu suna tare hanyoyi ana kama su, sannan suka ragu, gidan ya koma kango. Petra ta zauna a jihar, ta zama malamar jinya a wani asibiti, takan leƙo su lokacin Kirsimeti. Kamfanin bai tsaya saboda su ba. Ya tsaya ne daga baya da kasuwar kwal ta faɗi, ya sallami ma'aikata ya kwashe injinansa, ya bar tsaunin a baje kamar faifai. Shingen ya ruɓe, yanzu Nelda na zuwa kaburburan ba tare da tambayar kowa ba, Orval ya yi musu kewaye na ƙarfe. Rijiyar dai ba ta gyaru ba.

Wasu daga cikin direbobin da suka guje shi sun dawo, yanzu murhun itace da ƙyauren garke suke kawo masa. Yana yi musu, ba ya tayar da tsohuwar magana, amma ya san waɗanda suka yi dariya a bakin ƙofar nan, bai manta ko ɗaya ba. Maganar matar fasto kuwa bai taɓa gamsuwa da ita ba. Wata rana ya ce Ansel ne, wata rana ya ce a binciki Doyle da kansa, kwanan nan ma ya fara kawo sunan mai kai wasiƙu. In ya soma, Nelda takan tashi ta ce za ta je ta duba kaji.